An bar jaki ana dukan taiki: yaron sashen kwamfuta da injiniyoyin da ba sa sa hannu

Duk wanda ke aiki a ofis, ko yake hulɗa da banki, ko ya taɓa cike fom ɗin makaranta ta intanet, ya san amsoshin nan uku da bakin ma'aikatan sashen kwamfuta ya saba da su: "kashe ka kunna", "matsalar netwok ce", da kuma "daga wajenka ne, mu nan komai lafiya lau". Mutane sun gaji da su har sun mayar da su abin barkwanci. Ana cewa yaran nan ba su san komai ba, takardun shaida kawai suka tara, in ka raba su da kashe-ka-kunna to an gama da su. Ni ma ina jin wannan haushin, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Rashin ƙwarewar da muke cin karo da shi a teburin karɓar koke gangarowa ya yi daga sama, daga wata sana'a da ta ari sunan injiniyanci ta ajiye nauyinsa. Mai wannan sana'a yana gina abin da kuɗin mutane da lafiyarsu da makomar 'ya'yansu suka rataya a kai, amma babu takardar da ya sa wa hannu cewa in abin ya rushe shi za a tambaya.

Babu labarin da ya fito da wannan fili kamar abin da ya faru a gidan wayar Birtaniya, don haka a yi mini haƙuri in ɗan daɗe a kansa.

A 1999 hukumar gidan wayar ƙasar ta fara kafa wata manhajar lissafi mai suna Horizon a rassanta. Kamfanin ICL, mallakar Fujitsu ta Japan, shi ya rubuta ta. Yawancin rassan nan ba ma'aikatan hukumar ke riƙe da su ba. Wakilai ne, masu ƙananan kantuna a ƙauyuka da unguwanni, suna sayar da jarida da kayan masarufi a gefe guda, a ɗaya gefen suna biyan tsofaffi fansho da karɓar wasiƙu a madadin hukumar. Ita kuma hukumar ta fassara yarjejeniyar da ke tsakaninsu da cewa duk giɓin da aka samu a lissafi, wakili ne zai cike shi daga aljihunsa.

Ba a jima ba kwamfuta ta fara nuna kuɗi sun ɓata a hannun mutanen da ba a taɓa saninsu da taɓa sisin kowa ba. Wata mata mai suna Jo Hamilton, mai riƙe da reshen wani ƙauye a Hampshire, ta ga giɓin kusan fam 2,000, sai ta buga wa layin neman taimako. Aka ce mata danna nan, danna can. Tana cikin bin umarnin, a gaban idonta giɓin ya ninka. Maimakon a ce mata dakata mu bincika, sai aka nuna mata ita za ta biya. Ta jinginar da gidanta tana ta cikewa, giɓin yana ta ƙaruwa har ya kai fam 36,000, aka gurfanar da ita bisa tuhumar sata. A 2008 ta amsa laifin rubuta lissafin ƙarya don ta tsira daga kurkuku. Lee Castleton kuwa, a garin Bridlington, sau 91 ya buga wannan layin yana roƙon a zo a duba na'urar. Da ya ƙi biyan kusan fam 25,000 ɗin da aka ce sun ɓata, hukumar ta maka shi a kotu, ta yi nasara, aka ɗora masa kuɗin shari'a fam 321,000, ya karye.

Abin da wakilan nan suka yi ta maimaitawa daga baya a gaban kotu da gaban kwamitin binciken da gwamnati ta kafa shi ne magana ɗaya da aka riƙa faɗa wa kowannensu, a waya ko daga bakin jami'an binciken hukumar: kai kaɗai ne ke da wannan matsalar. Alhali a ofishin Fujitsu da ke Bracknell akwai rajista ta musamman da ake rubuta kurakuran manhajar da aka riga aka sani. Akwai wanda aka laƙaba wa sunan garin Dalmellington na Sikotland: in fuskar kwamfuta ta daskare lokacin da wakili ke tabbatar da karɓar kuɗi, ya sake danna maɓalli kamar yadda kowa zai yi, sai na'urar ta rubuta karɓar sau biyu, sau uku, ba ta nuna masa ba. A wannan reshen giɓin fam 24,000 ya fito daga dannawa kawai. Sannan ma'aikatan Fujitsu suna iya shiga lissafin kowane reshe daga nesa su canza lambobi, abin da hukumar ta shafe shekaru tana musantawa.

Tsakanin 1999 da 2015 an samu sama da wakilai 900 da laifi bisa hujjar wannan manhaja. Da yawa sun yi zaman gidan yari, ciki har da Seema Misra, wadda aka ɗaure a 2010 tana da juna biyu. Mujallar Computer Weekly ce ta fara buga labarin a 2009, a shekarar kuma wani tsohon wakili mai suna Alan Bates ya fara tara abokan wahala, inda kowa ya gano ashe ba shi kaɗai ba ne. Su 555 suka kai ƙara. A Disamba 2019 Mai Shari'a Fraser na Babbar Kotu ya tabbatar cewa manhajar tana da kurakuran da ke haifar da giɓi, har ya kwatanta taurin kan hukumar da na mai cewa duniya a shimfiɗe take. A Afrilu 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin mutum 39, a 2024 majalisa ta yi dokar da ta wanke ɗaruruwa a lokaci guda. Rahoton farko na kwamitin bincike, wanda ya fito a Yuli 2025, ya ce mai yiwuwa aƙalla mutum 13 sun kashe kansu saboda wannan masifa.

Ni dai ba kasancewar kuskure a cikin Horizon ne ya fi damuna ba. Babu babbar manhajar da ba ta da kuskure, kuma duk wanda ya ce maka tasa ba ta da shi, ko bai san aikin ba ko yana son ya sayar maka da ita. Abin da ya dame ni shi ne, a duk faɗin Birtaniya babu inda hujja ta taru kamar layin neman taimakon nan. Kullum ana kira daga garuruwan da ba su san juna ba, ana faɗin abu iri ɗaya. Da akwai wanda aka ɗora wa alhakin ya zauna duk ƙarshen mako ya jera kiraye-kirayen nan ya duba waɗanda suka yi kama, kuma aka ba shi ikon ya tsayar da masu rubuta manhajar ya ce ku amsa, da an kama ɓarnar tun a shekarun farko. Teburin karɓar koke shi ne kunnen injiniya. An toshe kunnen, aka bar wa masu zama a kan teburin takardar amsoshi su riƙa karantowa.

Wannan hali ya girmi Horizon. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gasa ciwon daji mai suna Therac-25, ƙirar kamfanin AECL na Kanada, ta zuba wa marasa lafiya shida hasken rediyeshon da ya ninka ƙa'ida ninkin ba ninki, wasu suka mutu. Tsofaffin samfuran na'urar suna da makullan ƙarfe da na lantarki da ke hana irin wannan. A sabuwar sai aka cire su aka dogara da manhaja. Da abin ya faru a asibitin Tyler da ke Texas a 1986, abin da fuskar kwamfuta ta nuna wa ma'aikaciyar shi ne lambar tangarɗa 54, babu bayanin da zai sa ta san ta ƙona mutum. Wakilin kamfanin ya zo ya ce na'urar ba za ta iya wuce ƙa'ida ba, kuma ba su da labarin wani hatsari a wani wuri, alhali an riga an kai musu ƙorafi daga wasu asibitocin. Masanin kimiyyar asibitin, Fritz Hager, shi ya zauna da ma'aikaciyar suka yi ta gwadawa har suka gano cewa in mai bugawa tana da saurin hannu, ta gyara umarni cikin daƙiƙa takwas, sai manhajar ta rikice. Wato ƙwarewar ma'aikaciyar ce ma ta tono kuskuren.

To mene ne injiniyanci, da har nake cewa an ari sunansa?

A ranar 29 ga Agusta 1907 gadar Kwibek da ake ginawa a Kanada ta rufta cikin kogi, ma'aikata 75 suka mutu. Hukumar binciken da aka kafa ta bi lissafin, ta gano an raina nauyin gadar, ta kuma kama sunan injiniyoyin da suka yi kuskuren, ciki har da babban mai ba da shawara Theodore Cooper. An buga rahoton kowa ya karanta, aka koyar da shi a makarantu. Tun 1925 injiniyoyin Kanada ke yin wani bikin ɗaukar alkawari, a sanya musu zoben ƙarfe a ƙaramin yatsan hannun da suke aiki da shi. Ba zoben ne ya dame ni ba, abin da ke bayansa ne: akwai mutum mai suna da ya sa hannu, akwai bincike a bainar jama'a in an yi ɓarna, akwai ƙa'idar da ake gyarawa bayan binciken, kuma akwai hukumar da za ta iya hana ka aiki. A Najeriya ma, da duk rauninmu da gine-ginen da ke rushewa, aƙalla akwai majalisar kula da aikin injiniya, COREN, tun 1970, kuma in bene ya faɗi ana tambayar wane ne ya zana, wane ne ya amince.

Sana'ar manhaja ta san ba ta kai nan ba. A Oktoba 1968 kwamitin kimiyya na ƙungiyar NATO ya tara masana kusan 50 a Garmisch da ke Jamus, saboda manyan ayyukan manhaja suna ta wuce lokaci, suna cinye kasafi, suna kuma fitowa da kurakurai. Rahoton taron ya faɗa da bakinsa cewa da gangan aka zaɓi sunan injiniyancin manhaja don a tsokani mutane, a nuna musu inda ya kamata a dosa. Buri ne aka faɗa a lokacin. Yau sunan yana kan katin kowa, burin kuwa yana nan inda aka bar shi. A Amurka an ƙaddamar da jarrabawar lasisin injiniyan manhaja a 2013, aka rufe ta a 2019 saboda waɗanda suka zauna mata a duk tsawon shekarun ba su kai 100 ba. Kuma in ka daure ka karanta doguwar yarjejeniyar nan da muke danna "na amince" ba mu duba ba, za ka tarar kusan kullum tana cewa an ba ka manhajar a yadda take, babu lamuni, in ta jawo maka asara ruwanka. Wane ɗan kwangila ne zai miƙa gada da irin wannan takarda?

Kada a ɗauka ilimin ne babu. Akwai shi, kuma tsoho ne. Ayarin Margaret Hamilton da ya rubuta manhajar kumbon Apollo 11 ya yi tanadin abin da zai faru in aiki ya yi wa kwamfuta yawa, shi ya sa da ƙararrawa ta kaɗa ana dab da sauka a duniyar wata a 1969, na'urar ta ajiye ƙananan ayyuka ta riƙe muhimman, aka sauka lafiya. An san yadda ake gwaji, an san a sa wani ya duba abin da wani ya rubuta kafin a sake shi, an san a fara ba mutane kaɗan sabon gyara a ga yadda zai yi kafin a watsa wa kowa, an san a ajiye hanyar komawa baya. Ana barin waɗannan ne saboda suna cin lokaci da kuɗi, kuma in an bar su, yawanci wani ne can daban zai ɗauki asarar.

Dubi ranar 19 ga Yuli 2024. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani ɗan gyara ga abokan hulɗarsa duka a lokaci guda, ba tare da ya fara da kaɗan ba. Microsoft ta ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka durƙushe. Jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage aiki, bankuna suka tsaya. Kamfanin ya janye gyaran cikin minti 78, amma na'urar da ta riga ta faɗi ba ta iya tashi balle ta karɓi sabon saƙo. Su wa suka tashe su? Yaran nan ne dai da muke yi wa dariya, suna bin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya da hannu, suna goge fayil guda, wasu har kwana suka yi a ofis. Mutanen da suka makale a filin jirgi kuwa su suke gani, su suke zagi.

A 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda ma'aikaci ya ɗora sabuwar manhaja a kan sabar bakwai, wato manyan kwamfutocin da ke gudanar da aikin, ya manta ta takwas, kuma babu na biyun da aka sa ya duba aikinsa. Hukumar kula da kasuwar ta gano cewa kafin a buɗe kasuwa na'urar ta aika saƙonnin imel 97 da ke nuna akwai matsala, ba wanda ya ɗauki mataki. Na kawo wannan ne saboda mun ga ɗan'uwansa a gida. A jarrabawar JAMB ta 2025 sakamako ya fito ya girgiza iyaye, ɗalibai suka yi ta kuka cewa makin da aka ba su ba nasu ba ne, wasu manya kuma suka yi saurin cewa ai hana satar amsa ne ya tona asirin yara. A 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa wani faci da aka yi wa manhajar bai hau wasu sabar yadda ya kamata ba, kuma abin ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas. Aka ba su damar sake zama. Kuskuren abin takaici ne, irin wanda dubawa ta biyu kan kama. Amma ina ganin ya cancanci a faɗa: abin da ya ɗauki gidan wayar Birtaniya shekara 20, sai da kotu ta matse shi, JAMB ta amsa shi cikin 'yan kwanaki, kuma shugabanta ya ɗauki laifin da sunansa.

Yanzu mu dawo kan teburin. Me ya sa wanda ke zaune a kansa yake yadda yake? A lissafin yawancin kamfanoni, masu rubuta manhaja su ne masu kawo kuɗi, masu karɓar koke kuwa masu cin kuɗi ne. Don haka nan ake fara tsuke bakin aljihu. Albashin ƙarami ne, horon na 'yan kwanaki ne, sau da yawa ma aikin an ba wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ne kwangila, ta yadda yaron da ke amsa maka bai taɓa ganin fuskar waɗanda suka rubuta abin da yake karewa ba. Ana auna ƙoƙarinsa da yawan kiran da ya rufe da kuma gajartar lokacin da ya ɗauka. Wanda ya tsaya ya yi minti 40 yana bin diddigin matsalarka, a takardar shugabansa rago ne. Wanda ya ce "kashe ka kunna" ya sallame ka cikin minti biyu shi ne gwarzon wata. In kuma aka yi dace da mai kaifin kai, da ya ɗan ƙware zai koma ɓangaren rubuta manhaja ko ya bar ƙasar, saboda babu matakin girma a teburin.

Na taɓa bin wani banki a kan kuɗin da aka cire mini ba su isa ga wanda na tura wa ba. Duk zuwa sabuwar fuska, sabon fom, in sake labarin daga farko. Wadda ta fi ƙoƙari a cikinsu, da ta ga raina ya ɓaci, sai ta juyo mini da kwamfutarta ta ce, "Yallaɓai, duba da idonka." Abin da take iya gani bai wuce abin da nake gani a wayata ba. Ba ta da ikon duba inda kuɗin suka maƙale, ba ta da lambar wani injiniya, akwati ne kawai da za ta rubuta koke ta tura hedikwata, ta zauna jira kamar yadda nake jira.

Duk da haka ba zan wanke su tas ba. Akwai abin da ba ya buƙatar izinin hedikwata. Cewa "netwok ne" alhali ba ka duba ba, ƙarya ce, ko da ƙarama. Rashin tambayar mutum ƙarfe nawa abin ya faru, me ya danna, wane saƙo ya gani, sakaci ne, domin waɗannan tambayoyin su ne rabin gyara. Shi kansa kashe-ka-kunna yana aiki, ba tsafi ba ne: yana share abin da ya cakuɗe a ƙwaƙwalwar na'ura ya dawo da ita farko. Illarsa ita ce yana share hujjar tare da alamar ciwon, gobe abin ya dawo ba wanda ya san dalili. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai ɗauki hoton saƙon, ya rubuta lokaci, kafin ya kashe. Kuma "ban sani ba, amma na rubuta, ga lambar kokenka, zan kira ka jibi" amsa ce ta ƙwararre, in dai ya kira ɗin.

Wasu za su ce to a tilasta lasisi mana, kowa ya yi rajista kafin ya taɓa manhaja. Ban yarda da wannan ba. A takarda ma muna da irinsa, domin dokar soja mai lamba 49 ta 1993 ta kafa majalisar rajistar ƙwararrun kwamfuta, CPN. Amma da yawa daga matasan da ke rubuta manhajojin da muke tura kuɗi da su a intanet suka koyi aikin, kuma masu ɗaukarsu aikin hannunsu suke dubawa. A ƙasar da takardar shaida ta zama haja, tilasta lasisi zai toshe wa yaro mai basira daga Gusau ko Azare hanya, ya buɗe wa masu sayar da satifiket kasuwa. Ban da haka, babbar manhaja ɗaruruwan mutane ke rubuta ta, tana canzawa kullum, kuma yawanci ba mai rubutun ne ke yanke ranar da za a sake ta ba. In ka rataya laifin a wuyan ƙaramin ma'aikaci, manajan da ya ce a bar gwaji a cika alkawarin ranar Litinin ya tsira ke nan.

Nauyin ya kamata ya hau kan kamfani da hukumar da ta saki manhajar, da kuma babban jami'i mai suna da ya amince a sake ta. Tarayyar Turai ta kama wannan hanya: dokarta ta 2024 kan alhakin kayan da aka sayar ta sanya manhaja cikin jerin kaya, wanda ke nufin wanda ta cutar zai iya neman diyya kamar yadda zai nema in tukunyar gas ta fashe masa, kuma an tsayar da Disamba 2026 a matsayin lokacin fara aiki da ita. Ranar da kuskure ya fara cin aljihun mai shi, ranar za a ga an samo kuɗin gwaji, an kuma samo kuɗin horar da masu karɓar koke, domin a lokacin kowane kira gargaɗi ne mai rahusa. Sannan ina son a ari al'adar harkar jiragen sama. In jirgi ya yi hatsari, ko ma ya kusa yi, hukuma mai zaman kanta, wadda a Najeriya ita ce NSIB, takan bincika ta buga rahoto don a hana maimaituwa. Manhajar da ke riƙe da albashin ma'aikata, ko rajistar 'yan ƙasa, ko sakamakon jarrabawa, ko sakamakon zaɓe, in ta faɗi, jama'a sun cancanci rahoto irin wannan mai bayanin abin da ya karye da abin da aka gyara. Kalmar "tangarɗar na'ura" a takardar manema labarai ba ta isa ba.

A cikin gida kuma gyaran ba shi da tsada. Rajistar kurakuran da aka sani ta kasance a buɗe a gaban mai amsa waya, don ya daina cewa mutum shi kaɗai ne. A riƙa jera koke-koke ana duba masu kama da juna. Masu rubuta manhaja su riƙa karɓar zama a teburin lokaci-lokaci, su ji da kunnensu yadda ɗan kasuwa ke magana in kuɗinsa sun maƙale ranar kasuwa.

Akwai wani ɓangaren doka da ya kamata lauyoyinmu su sa wa ido. Wani abin da ya murƙushe wakilan gidan wayar Birtaniya shi ne, a 1999 an soke sashe na 69 na wata dokar 1984 a Ingila, wanda ya wajabta wa mai kawo bayanan kwamfuta a shari'ar laifi ya nuna na'urar tana aiki daidai. Daga nan kotuna suka koma ɗaukar kwamfuta a matsayin mai gaskiya, sai in wanda ake tuhuma ya kawo hujjar akasin haka. Ta ina mai kanti a ƙauye zai samo hujja a kan manhajar da ba a ba shi damar leƙa cikinta ba? Mu a Najeriya sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 har yanzu yana neman a nuna cewa kwamfutar tana aiki daidai, tare da takardar shaida daga wanda ke da alhakinta. Wannan abin riƙewa ne. Rauninsa shi ne mai sa hannu a takardar galibi ma'aikacin wurin da ya kawo hujjar ne, yana shaidar na'urarsu da kansu.

Ina faɗin haka ne saboda muna da namu wakilan. Masu POS da ke zaune a ƙarƙashin lema a kowace kasuwa da bakin kowace tasha suna kan kujera irin ta Jo Hamilton: suna aiki da na'urar da ba su suka ƙera ba, lissafin yana hannun kamfani, in aka samu saɓani su ne a tsakiya, mai kuɗi yana riƙe da rigarsu, layin taimako yana cewa a jira kwanakin aiki. Kafin a cire wa wakili kuɗi ko a rufe masa asusu bisa abin da kwamfuta ta ce, ya kamata Babban Bankin Najeriya ya wajabta a ba shi cikakkiyar rajistar cinikin da ake jayayya a kai, a kuma gaya masa a rubuce ko akwai wasu wakilan da suka kawo irin kokensa a wannan makon, da kuma su nawa ne.